Tafiyarmu ta farko da yara uku zuwa babban wurin wasanni: Orlando ko Paris, kuma kwana nawa?

Uwar Uku:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ni da maigidana mun shekara biyu muna tanadi domin mu kai yaranmu hutu ɗaya daga cikin manyan wuraren wasannin nan na Disney, kuma yanzu da lokacin ya matso na gane ashe tara kuɗin ya fi tsara tafiyar sauƙi. Yaran uku ne: babban namiji ne mai shekara 9, mai bi masa mace ce mai shekara 6, sai autarmu wadda ke da shekara 2 da wata 8. Babu ɗayanmu da ya taɓa shiga irin wannan wuri, iyakar saninmu abin da muke gani a bidiyo.

Maigidan ya fi karkata ga Walt Disney World da ke Orlando a Amurka, domin a cewarsa tunda za a yi, gara a je wanda ya fi girma, kuma lissafinsa shi ne mu yi kwana huɗu, kowace rana mu shiga ɗaya daga cikin wuraren wasanni huɗu da ke cikinsa. Ni kuwa hankalina ya fi kwanciya da Disneyland Paris a Faransa, saboda na ji an ce bai kai wancan faɗi ba. Ina roƙon waɗanda suka taɓa zuwa da ƙananan yara su ba mu haske a kan wurin da ya fi dacewa da masu zuwan farko, da yawan kwanakin da suka isa, da kuma ko otal ɗin cikin wurin ya cancanci tsadarsa. Akwai kuma abin da ya fi damuna: shin ba asara ba ce a kai yarinyar da ba ta kai shekara uku ba, wadda ƙila ba za ta tuna komai ba?

Baban Tagwaye:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Kafin ku yanke hukunci a kan ƙasa ko otal, ku jingina yaran nan uku da bango, kowa da takalmin da zai yi yawo da shi, ku auna tsawonsu da santimita ku rubuta. A waɗannan wurare ba a tambayar shekarun yaro a ƙofar lilo, tsawonsa ake dubawa, kuma ma'aikatan ba su da ikon ɗaga wa kowa ƙafa, domin sandar da ke riƙe mutum a kujera an ƙera ta ne daidai da wani tsawo. Ga misali, a Magic Kingdom, ɗaya daga cikin wurare huɗun nan na Orlando, Space Mountain yana buƙatar santimita 112, TRON yana buƙatar 122, ƙaramin jirgin nan na Barnstormer kuwa 89 ne. A Paris, Big Thunder Mountain yana buƙatar 102, Hyperspace Mountain 120, na Indiana Jones kuma har 140. Ɗanku mai shekara 9 zai iya shiga kusan komai, auta za ta tsaya ga waɗanda ba su da sharaɗi, amma mai shekara 6 ita ce take kan gaɓa, kuma a kanta ne za a iya samun kuka.

Na san wannan ne domin ya faru da ni a wani wurin wasanni da muka je, kuma laifina ne tunda ban duba ba. Tagwayena suna da shekara 6 a lokacin, kuma duk da kamarsu ɗaya, Hassan ya ɗan fi Husaini tsawo da abin da bai kai faɗin yatsu biyu ba. Muka iso ƙofar wani lilo da suka kwana uku suna zancensa, aka tsayar da su a jikin sandar awo. Kan Hassan ya taɓa, na Husaini kuwa ya wuce ta ƙarƙashi. Yaron ya miƙe wuya, ya ɗaga dunduniya, ma'aikaciyar ta yi murmushi ta ce ya sauke ƙafa. Sauran yinin nan ko abinci bai ci da daɗi ba. Da na auna su tun a gida, da ban taɓa nuna musu bidiyon wannan lilon ba.

Game da lissafin maigida na wurare huɗu a kwana huɗu, ku gaya masa cikin girmamawa cewa a takarda ne kawai yake da kyau. Walt Disney World, wanda aka buɗe ranar 1 ga Oktoba 1971, faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 100, wato gari ne sukutum. A cikinsa akwai Magic Kingdom, da EPCOT da aka ƙara a 1982, da Hollywood Studios a 1989, da Animal Kingdom a 1998, kuma mafi yawan zirga-zirgar da ke tsakaninsu sai da bas, ko jirgin dogo mai tafiya a sama, ko jirgin ruwa, ko ƙananan motoci masu rataye da igiya a sama. Abin da ke ba baƙi mamaki shi ne wanda ya zo Magic Kingdom da motarsa ba a ƙofar wurin yake ajiye ta ba. Bayan ya ajiye, sai ya sake hawa jirgin dogo ko jirgin ruwa ya ƙetare tafki kafin ya ga ƙofar shiga. Ku ƙiyasta wannan da keken yarinya, da jaka, da yara biyu masu doki, safe da dare, kwana huɗu a jere.

Idan Orlando kuka zaɓa, ni a ganina ku ware aƙalla kwana bakwai: ranar isowa ba a shiga ko'ina, saboda gajiyar jirgi da bambancin lokaci kan sa yara su farka da tsakar dare su yi ta gyangyaɗi da rana, Magic Kingdom ya samu kwana biyu domin a nan ne mafi yawan abubuwan ƙananan yara suke, a sa rana guda a tsakiya wadda ba a yin komai sai barci da wanka a tafkin otal. Animal Kingdom ya cancanci yini guda, domin motar Kilimanjaro Safaris da ke zagayawa cikin dabbobi ba ta da sharaɗin tsawo, ku biyar za ku zauna a benci ɗaya. Idan dole a bar ɗaya, ni Hollywood Studios zan bari, saboda da yawa daga cikin manyan abubuwansa na waɗanda suka yi tsawo ne.

Kakar Jikoki:

'Yata, bari in amsa miki tambayarki ta ƙarshe tunda ita ce ta fi damunki. Kada ki jira auta ta girma. Idan kika jira ta kai shekara 6, babban ya kai 12 ko 13, ya fara jin kunyar ɗaukar hoto da mutanen da ke sanye da kayan 'yar tsana, kuma wannan zumuɗin da yake yi yanzu ya wuce. Gaskiya ne ba za ta tuna ba, amma za ta ji daɗi a lokacin, ku kuma za ku tuna. Abin da nake so ki riƙe shi ne ita ce za ta tsara muku yini, ko kun so ko ba ku so ba, don haka gara ku tsara shi a kanta tun daga farko.

Da na raka ɗiyata da jikokina, abin da ya cece mu shi ne raba yini gida biyu. Muna isa ƙofa tun kafin a buɗe, domin awa biyun farko su ne layi ya fi gajarta, mu yi abubuwa uku ko huɗu da muka fi so, da rana ta take mu koma masauki kowa ya kwanta, sai da la'asar mu dawo. A rana ta farko surukina ya ƙi, ya ce an biya kuɗin yini guda ba za a kwana a ɗaki ba. Kafin ƙarfe uku ƙaramin ya kwanta a ƙasa yana birgima, babbar tana kuka ba ta san dalili ba, shi kansa ya zauna a gefen hanya ya cire takalmi yana matsa ƙafa. Washegari shi ne ya fara cewa a koma a huta.

Ki tafi da keken tura yarinya ko ki yi haya a can, kuma kada ki yi mamaki idan mai shekara 6 ta nemi a ba ta aro, domin tafiyar ƙafa ce ta gaske. Ki ɗaura masa wani ƙyalle mai launi, saboda ana ajiye kekuna da yawa a wuri ɗaya, ma'aikata kuma kan matsar da su su jera, sai ki fito ki rasa naki. Kada kowa ya sa sabon takalmi. Kowace safiya ki ɗauki yaran hoto da kayan da ke jikinsu, ki rubuta lambar wayarki ki sa musu a aljihu ko a wuyan hannu, ki kuma nuna musu irin bajen suna da ma'aikata ke maƙalawa a ƙirji, ki ce duk wanda ya waiga bai gan ku ba ya tsaya inda yake ya gaya wa mai irin wannan bajen.

Sannan ba duk abin da ba shi da sharaɗin tsawo ne ya dace da ƙaramin yaro ba. Haunted Mansion kowa yana iya shiga, amma duhu ne da muryoyi masu ban tsoro. Ki fara mata da abin da ke fili cikin haske, kamar Dumbo, ki ga yadda ta ɗauke shi kafin ki kai ta cikin duhu, domin idan ta firgita a na farko, duk ƙofar da ta gani daga nan za ta ƙanƙame ki.

Malamin Lissafi:

Ina girmama bayanin Baban Tagwaye, amma ni ina bayan Hajiya a wannan muhawara ta cikin gida. Duk abin da ya lissafa na wahalar Orlando, a wurina hujja ce ta cewa masu zuwan farko su fara da Paris. Disneyland Paris, wanda aka buɗe a watan Afrilun 1992 a Marne-la-Vallée, kimanin kilomita 32 gabas da birnin, wurare biyu ne kawai, na biyun an ƙara shi a 2002, kuma ƙofofinsu suna kusa da juna, tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa. Tashar jirgin ƙasa ta Marne-la-Vallée–Chessy tana bakin ƙofar. Jirgin RER A yana kawo mutum daga tsakiyar Paris cikin kimanin minti 40, jirgin TGV mai sauri kuwa yana zuwa daga filin jirgin sama na Charles de Gaulle cikin kimanin minti 10. Ba ku buƙatar hayar mota, kuma kwana uku sun wadatar ba tare da gaggawa ba. Shawarar da Hajiya Kaka ta bayar ta komawa masauki da rana ma ta fi yiwuwa a nan, tunda daga yawancin otal-otal ɗin Disney ana iya takawa zuwa ƙofa, ko a hau bas na 'yan mintuna.

Sai dai kowanne wuri kuka zaɓa, watan da za ku je ya fi sunan wurin tasiri a kan jin daɗinku. Florida daga Yuni zuwa Satumba zafi ne mai gumi, ma'auni yakan wuce digiri 32, kuma kusan kullum da rana hadari yakan haɗu a yi tsawa da ruwa; da zarar walƙiya ta matso ana dakatar da lilon da ke waje har sai ta wuce. Lokacin guguwar tekun Atlantika kuma yana farawa ne daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, don haka wanda zai je a wannan tsakani ya karanta sharuɗɗan soke tafiya da na inshora da kyau. Cunkoso ya fi tsanani a makon da ke tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara, da makon bikin godiya da Amurkawa ke yi a ƙarshen Nuwamba, da hutun makarantun Amurka na Maris da Afrilu. Paris kuwa matsalarta sanyi ne: daga Disamba zuwa Fabrairu tsayuwa a layi da ƙaramar yarinya cikin iska mai sanyi ba wasa ba ne, rana kuma tana faɗuwa da wuri. Mayu, Yuni da Satumba sun fi sauƙi, musamman a tsakiyar mako, idan aka kauce wa hutun makarantun Faransa.

Zan ƙara abu ɗaya ko da ba a tambaye ni ba. Disney ba shi kaɗai ba ne. An tsara wuraren Legoland ne musamman domin yara masu shekara 2 zuwa 12, wato daidai yaranku uku, kuma akwai na asali a Billund ta ƙasar Denmark tun 1968, da na Windsor a Ingila, da na Dubai. Warner Bros. World da ke tsibirin Yas a Abu Dhabi kuma gaba ɗayansa a rufe yake cikin gini mai na'urar sanyaya iska, babu ruwansa da rana ko ruwan sama. Amma idan zuciyar yaran ta riga ta kafu a kan fadar nan da suke gani a bidiyo, ba zan ce a sauya musu ba.

Maganar biza da fasfo kada a bar ta a baya. Kowane yaro yana buƙatar nasa, har auta, kuma kada ku biya kuɗin tikiti ko otal da ba a mayarwa kafin takardun kowa su fito.

Uwar Uku:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun auna su daren jiya kamar yadda Baban Tagwaye ya ce: babban 134, mai bi masa 113 da takalmi, auta 91. Na karanta wa maigidan amsoshinku, ya yi dariya a wurin labarin surukin Hajiya Kaka, ya ce kamar shi ake nufi. Ya yarda ya janye maganar wurare huɗu a kwana huɗu, amma har yanzu bai saki Orlando ba. Saura abu biyu da ban fahimta ba. An ce yaron da bai kai shekara uku ba ba ya biyan kuɗin shiga, to auta za ta cika uku nan da wata huɗu, mu kuma tafiyar sai nan da wata shida. Idan muka sayi tikiti yanzu, wane lissafi za a bi? Na biyu kuma, wannan tsarin da ake biya domin a tsallake layi, dole ne, ko kuwa ana iya yi ba tare da shi ba?

Baban Tagwaye:

Hajiya, shekarun da ake dubawa su ne na lokacin ziyara, ba na ranar da aka sayi tikiti ba, saboda haka idan ta cika uku kafin ku isa, tikitin yara za ku saya mata. A Orlando tikitin yara na masu shekara 3 zuwa 9 ne, daga 10 kuma ana lissafa yaro a matsayin babba, don haka ku duba ranar haihuwar babban ma, kada ya shiga 10 kafin tafiyar ba ku sani ba. A Paris tikitin yara yana kaiwa har shekara 11. Idan hutun makaranta da fitowar biza za su ba ku damar matso da tafiyar gabanin auta ta cika uku, kun rage tikiti guda na duk kwanakin, amma ban ga hikimar a shiga watan zafi ko na cunkoso saboda wannan kaɗai ba.

Mai santimita 113 kuwa ta haye sharaɗin Space Mountain da santimita ɗaya tak, kuma awon gida yakan saɓa da na can, don haka kada ku yi mata alkawari. Ku ce za a gwada. Nan da wata shida ma ƙila ta ƙara, amma TRON da Hyperspace Mountain ku cire su daga zancen da kuke yi a gabanta.

Tsarin tsallake layi a Orlando sunansa Lightning Lane, a Paris kuma Premier Access. A da akwai FastPass wanda ba a biya, aka daina shi, yanzu sai da kuɗi. A tsarin Multi Pass, wani nau'in Lightning Lane da aka fara a Yulin 2024, mutum yana zaɓar abubuwa uku da lokacin shigarsu tun kafin ranar, ta cikin manhajar wayar wurin. Masu kwana a otal ɗin Disney suna iya zaɓa kwana bakwai kafin isowarsu, sauran mutane kwana uku. Ba dole ba ne, kuma ban ba ku shawarar saye na kowace rana ba. Ni da zan saya, ranar farko ta Magic Kingdom kawai zan saya wa, domin a nan ne lilon ƙananan yara kamar Peter Pan's Flight ke tara dogon layi, kuma yarinya mai shekara uku ba ta iya tsayuwar awa guda domin abin da bai wuce minti uku ba. Ku sauke manhajar tun yanzu ku riƙa duba tsawon layi a lokuta daban-daban na yini, za ku ga da idonku yadda yake hawa daga hantsi. Ku kuma tafi da fawa bank, domin taswira da tikiti da odar abinci duk a wayar suke, batir ba ya kai yamma.

Akwai kuma wani tsari da ba a biyan ko sisi, wanda iyali irin naku suka fi kowa amfana da shi, ana ce masa Rider Switch. Idan kuka zo lilon da auta ba ta isa shiga ba, ku je gaba ɗaya ku gaya wa ma'aikacin ƙofa. Maigida ya bi layi da manyan yaran, ke ki jira da auta. Idan sun fito sai ya karɓe ta, ke ki shiga ba tare da kin sake bin dogon layin ba, kuma ana barin ki shiga da abokin rakiya, wato ɗaya daga cikin yaran zai hau sau biyu. Ku yanke tun a masauki wanda zai fara samun wannan garaɓasa, in ba haka ba a bakin ƙofa za a yi shari'ar.

Otal ɗin ciki kuma, ban da kusanci da motocin da ke kai mutum kyauta, babbar fa'idarsa a Orlando ita ce ana barin baƙinsa su shiga minti 30 kafin sauran jama'a. Idan kun san iyalinku ba masu fita da sassafe ba ne, wannan fa'ida ta tashi a banza, sai ku auna kusancin kawai. Idan kuma za ku bi tsarin Hajiya Kaka na komawa barci da rana, to nisan masauki shi ne abin da za ku fi dubawa, domin tafiyar sau huɗu za ku riƙa yin ta kowace rana.

Kakar Jikoki:

Na manta ban faɗa miki maganar wasan tartsatsin wuta na dare ba, 'yata. Yana da kyau ƙwarai, amma ana yin sa ne a makare kuma ƙararsa tana da ƙarfi, don haka ki saya wa auta abin toshe kunne na yara ki saba mata da shi tun a gida. Ku zaɓi dare ɗaya kawai ku tsaya masa, wanda washegarinsa ranar hutu ce. Idan an gama kada ku bi ayarin masu fita, domin kowa a lokaci guda yake nufar ƙofa da tashar mota. Ku samu benci ku zauna kamar minti ashirin, yarinyar tana barci a kekenta, sai hanya ta yi sauƙi ku tashi.